Sabunta Akwatin Rarraba Wuta a Gida: Daga Lissafin Kaya Zuwa Gwajin Ƙarshe

Yawancin gidajen Zariya da aka ja wa wuta tun zamanin NEPA, daga Tudun Wada zuwa Sabon Gari har cikin Birni, an yi musu waya ne da lissafin ƙwan fitila, fanka, rediyo, talabijin ɗaya da dutsen guga. Yau gidan yana nan yadda yake, wayar ma ita ce dai, amma an shigo da firiza, na'urar sanyaya ɗaki, hitar wanka, injin wanki, sumo mai jawo ruwa daga rijiyar burtsatse, ga kuma inbata tana cajin batura. Duk wutar da waɗannan kaya ke sha tana bi ne ta akwati ɗaya da ke manne a bango, wanda masu gyaran wuta ke kira DB. A wasu gidajen ma babu akwatin. Katako ne aka kafa a zaure ko bayan ƙofa, da fis na tangaran biyu ko uku a kai, in ka zare ɗaya ka duba cikinsa sai ka tarar wayar fis ɗin ta asali ta daɗe da ƙonewa, an murɗa silin wayar tagulla huɗu ko biyar an ɗaura a madadinta, gefen tangaran ɗin ya yi baƙi ƙirin.

Idan kana jin warin roba mai ƙuna kusa da akwatin, ko fitilu na dusashewa duk lokacin da firiza ta tashi, ko bakin soket ya fara narkewa, ko bireka (makunnin da ke katse wuta da kansa in kaya sun yi yawa) na faɗuwa da zarar an jona guga, to lokacin sabuntawa ya yi. Amma kafin a je kasuwa, akwai magana ɗaya da duk aikin ya rataya a kanta: aikin bireka shi ne kare waya. Ana zaɓen girmanta ne gwargwadon abin da wayar da ke bayanta za ta iya ɗauka. Wanda ya cire bireka mai 20A ya sa mai 40A don ta daina faɗuwa, alhali wayar da ke cikin bango ba ta canja ba, kamar mutumin da ya sallami maigadi ne don yana tashinsa da ihu in ɓarawo ya shigo. Wayar za ta ci gaba da zafi a cikin silin, babu mai katse ta, har robar jikinta ta narke.

Mataki na farko: zauna ka yi lissafi

Wannan kai za ka yi shi, ba sai ka jira kowa ba. Ɗauki takarda ka zaga gidan, ɗaki bayan ɗaki. Kowace na'ura tana da 'yar takarda ko ƙarfe a baya ko a ƙasa, inda aka rubuta yawan wat ɗin da take ci. Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce a layi ɗaya, don haka in ka raba wat da 230, ka samu amfiya, wato lambar da ake rubutawa da harafin A a jikin bireka.

A ɗauki gida mai ɗaki uku da falo. Ƙwan fitila 20 masu wat 12, wat 240 ke nan. Fanka biyar, 375. Talabijin biyu da dikoda, 200. Firij da firiza, kamar 450. Na'urar sanyaya ɗaki biyu masu ƙarfin doki ɗaya da rabi, kamar 2,400. Hitar wanka 1,500, guga 1,200, sumo 1,000, butar lantarki 2,000, risho na lantarki 1,500. In aka tara, an samu wat 10,865, kimanin 47A. Ƙara cajar inbata mai cin wat 1,500, ka kusa 54A.

A ƙa'idar aikin, akan rage wani abu daga wannan jimla, bisa tunanin cewa ba a kunna komai lokaci guda. Ni dai shawarata, a gidajenmu kada a rage da yawa. Wanda ya yi wannan ƙa'ida yana zaune ne inda wuta ba ta ɗaukewa, mutum ya yi guga da safe, ya dafa ruwa da rana, ya cika tanki da dare. Mu kuwa da yara sun yi ihun an kawo wuta, uwargida ta jona guga, wani ya ruga ya kunna sumo, firiza da ta kwana a kashe ta tashi, inbata ta kama caji da dukkan ƙarfinta, duk cikin minti biyar. Sannan duk abin da ke da mota a ciki, irin su sumo, firiza da tsohuwar na'urar sanyaya ɗaki, yana fizgar ninkin abin da yake ci sau da yawa a daƙiƙar da zai tashi. In wutar ta zo da rauni kuma, motar takan ƙara jan amfiya, ta ƙara zafi.

Ka rubuta har da abin da kake da niyyar saye nan da shekara biyu ko uku.

Mataki na biyu: a duba wayar da ke cikin gidan

Nan ne mai gyaran wuta zai shigo, kuma nan ne ake gane ko canjin akwati kaɗai ya isa, ko sai an ja sababbin wayoyi. Ka sa ya buɗe soket biyu ko uku a wurare daban-daban, ya hau silin ya leƙa. Abin da ake nema shi ne kaurin wayar, lafiyar robar jikinta, wuraren da aka yi haɗi aka naɗe da tef kawai, da inda ɓera ya ci.

Ga yadda aka saba haɗa waya da bireka, in wayar tagulla ce ta gaskiya. Fitilu da fanka: waya 1.5mm, bireka 6A ko 10A. Soket: waya 2.5mm, bireka 16A ko 20A. Na'urar sanyaya ɗaki da hitar wanka, kowace da layinta ita kaɗai tun daga akwatin, waya 4mm, bireka 20A. Babbar kukar lantarki: waya 6mm, bireka 32A. Sumo ma layinsa daban. Babbar wayar da ke tahowa daga mita zuwa akwati kuwa, in babbar bireka 63A ce, a sa 16mm.

Wani zai ce 10mm ta isa. A takarda, waya 10mm a cikin fayif tana ɗaukar kimanin 57A, amma an yi wannan lissafi ne a kan zafin digiri 30. In zafi ya kai 40, abin da take ɗauka yana sauka zuwa kimanin 50A. Duk wanda ya taɓa hawa silin a ƙarƙashin kwano a watan Afrilu a Zariya ya san digiri 40 wasa ne a can sama, kuma a wannan lokacin ne kowa ke kunna na'urar sanyaya ɗaki. Saboda haka a bar wa waya sarari.

A kula da launi. Tsohon tsari: ja shi ne layif (wayar da ke kawo wuta), baƙi nutural (wadda wutar ke komawa ta cikinta), kore na at (wayar kariya da ke zuwa ƙasa). Sabon tsari: ruwan ƙasa layif, shuɗi nutural, kore mai ratsin rawaya na at. Haɗarin yana gidan da ke da layi uku, domin a tsohon tsari shuɗi layif ne baƙi nutural, a sabon kuwa baƙi layif ne shuɗi nutural. Gidan da aka yi wa ƙarin gini bayan shekaru yakan haɗa tsarin biyu a akwati ɗaya, don haka ba a dogara da launi, sai an gwada.

Mataki na uku: mita da layin kamfani

Zariya tana ƙarƙashin Kaduna Electric, kamfanin da ke raba wuta a jihohin Kaduna, Kebbi, Sakkwato da Zamfara. Mita da hatimin da ke jikinta ba hurumin mai gyaranka ba ne. Aikinsa yana farawa ne daga inda waya ta fito daga mita. Duba fuskar mitar, akwai lambar da ke nuna iyakar amfiyar da take ɗauka. In lissafinka ya kusa wannan lamba ko ya wuce ta, ko ya haura abin da bireka 63A ke bayarwa a layi ɗaya, wato kimanin wat 14,500, sai ka je ofishinsu ka nemi a mayar da kai layi uku da mitar da ta dace. Duk wanda ya ce zai zagaye maka mita ya ɗora manyan kaya kai tsaye, ka sallame shi. Laifi ne a doka, sannan wannan layin na sata ba ya bi ta kowace kariya.

Gidajen da ke da layi uku tun da, an san al'adar: in layi ɗaya ya yi rauni, a aiki yaro ya zare katawut, wato babban fis ɗin da wuta ke shigowa ta cikinsa, ya mayar ɗaya ramin. Wannan yana cikin abubuwan da ya kamata sabuntawar ta kawar. A sa makunnin zaɓen layi mai murfi, ko a raba kayan gidan a kan layukan uku daidai wa daida.

Kada kuma a ɗora wa sabon akwati abin da ba aikinsa ba. In taransifomar unguwa ta yi wa jama'arta kaɗan, wuta za ta ci gaba da zuwa da rauni ko da ka sa akwati mafi tsada.

Mataki na huɗu: abin da zai shiga cikin akwatin

Ƙirga layukan da kake buƙata, ka ƙara gurbi uku ko huɗu na gaba. Gidan da muka yi misali da shi zai buƙaci layin fitilu biyu, na soket uku da na kicin a ciki, na sanyaya ɗaki biyu, hita, sumo, risho, da na inbata. Goma sha ɗaya ke nan, kafin a sa na'urorin kariya, waɗanda su ma suna cin gurbi. Akwati mai gurbi 12 zai cika tun ranar farko. Nemi mai 18 ko fiye.

Na farko a ciki babban makunni mai katse layif da nutural tare. Sai na'urar da ke lura da ƙarfin wuta, wadda ke katsewa in ta yi yawa ko ta yi ƙasa, ta ɗan jira kafin ta mayar. A wurinmu wannan ba ado ba ne. In nutural ya tsinke a kan fol ko a taransifoma, gidan da ke samun 230 zai iya ganin abin da ya doshi 400, kuma a irin wannan daren ne unguwa guda ke rasa talabijin da caja. Sai na'urar kare tsawa, SPD, saboda damina. Ita tana zubar da fizgar wuta ne zuwa ƙasa, don haka in babu at mai kyau, kariyarta ragaggiya ce.

Sai wadda ta fi kowace muhimmanci ga rai, RCD mai 30mA. Bireka ta yau da kullum ba ta san mutum ba. Yaro zai iya riƙe waya, wutar da ta isa ta kashe shi tana bi ta jikinsa, bireka mai 20A ba za ta motsa ba, domin abin da ke halaka mutum bai kai ko amfiya ɗaya ba. RCD tana auna abin da ya fita ta layif da abin da ya dawo ta nutural. In an samu gibi, alamar wuta tana zurarewa ta wani wuri ke nan, ko ta jikin hita, ko ta jikin mutum, sai ta katse cikin ƙiftawar ido. Duk soket, banɗaki, kicin da sumo su bi ta cikinta. Kada a ɗora gidan duka a kan guda ɗaya, in ba haka ba fitilar waje da ruwan sama ya shiga za ta jefa kowa a duhu, ta kashe firiza. A sa biyu a raba layukan, ko in aljihu ya yarda a sayi RCBO, wadda ta haɗa bireka da RCD a jiki ɗaya, ga kowane layi mai muhimmanci.

Harafin da ke gaban lambar bireka ma yana da ma'ana. Mai B ta fi saurin faɗuwa, ta dace da fitilu da soket. Mai C tana haƙuri da fizgar tashi, ta dace da sumo da na'urar sanyaya ɗaki.

Mataki na biyar: at

Gidaje da yawa suna da koriyar waya a soket wadda ba ta je ko'ina ba. A tono a tabbatar. Ana kafa sandar ƙarfe mai rufin tagulla cikin ƙasa, a wuri mai danshi, a ɗaure ta da maƙalli na gaskiya, a ja waya mai kauri zuwa akwatin, a bar ɗan rami mai murfi don a iya dubawa. Masu aiki sun saba zuba gawayi da gishiri. Gishirin yana taimakawa da farko, amma yana cin ƙarfen, ruwa kuma yana wanke shi. Ƙara zurfi ko ƙara sanda ta biyu ya fi ɗorewa. In da hali a auna at ɗin da rani, lokacin da hunturu ya busar da ƙasa, domin wanda ya yi kyau a watan Agusta zai iya gazawa a Fabrairu.

Mataki na shida: janareta, inbata da sola

Gidan da ke da hanyar wuta fiye da ɗaya dole ya sami cenjoba, wato makunnin sauya hanyar wuta, mai katse layif da nutural duka, mai girman da ya kai na babbar bireka. Jona janareta ta soket da waya mai filogi biyu ganganci ne: wutar tana iya komawa kan layin kamfani ta kama ma'aikacin da ke kan fol, in kuma aka dawo da wuta janaretan ya tafi.

Inbata tana son ƙaramin akwati nata daban, mai ɗauke da fitilu, fanka, talabijin da wasu soket kaɗan. Guga, hita da risho su tsaya a babban akwati. Inda aka fi samun matsala shi ne nutural. Tsofaffin masu aiki sukan ari nutural daga duk inda ya fi kusa, fitilar wannan layi ta koma ta nutural ɗin wancan. Da fis babu mai ganewa. Ranar da aka sa RCD kuwa sai ta yi ta faɗuwa, a nan ne za ka ji an ce, "Alhaji, wannan abar ba ta yi da wutar Najeriya, bari mu cire." Kada ka yarda. Ce masa, "Malam, a nemo inda aka haɗa nutural ɗin a raba." Aiki ne mai cin lokaci, shi ya sa ake gudunsa. Ɓangaren farantin sola da batura kuma bireka ta DC, wato ta irin wutar batura, yake buƙata, ba a sa masa irin ta gida.

Mataki na bakwai: mai aiki da sayayya

Hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke ba masu aikin wayar lantarki takardar shaida, ita ce kuma ke da alhakin duba ingancin irin wannan aiki. Tambayi mai aikinka takardarsa, ka tambaye shi da wace na'ura zai yi gwaji in ya gama. In amsarsa ita ce sukundireban nan mai ƙwan fitila, nemi wani. Ya rubuta maka jerin kaya da girman kowane, kuɗin aiki daban.

A wajen saye, araha ba ta ado. Akwai wayar da aka rubuta 2.5mm a jikinta alhali ba ta kai ba, akwai kuma alminiyon da aka shafa wa tagulla a sama. Kankare bakin wayar da wuƙa: in fari ya bayyana a ciki, ajiye musu kayansu. Ɗaga naɗin ka ji nauyinsa, na jabu ba ya da nauyi. Wayoyin gida irin su Coleman, Cutix da Nigerchin sun yi suna, amma sunan da ya yi fice shi ake kwaikwaya, haka ma bireka. Saya a shagon da zai ba ka rasit, ya karɓi kaya in sun ƙi.

Mataki na takwas: ranar aiki

A fara da safe don a gama da sauran haske. Ɗauke wuta ba kashe wuta ba ne, ana iya dawo da ita hannun mutum yana cikin akwati. A katse daga wajen mita, a kashe janareta, a kashe inbata a raba ta da batura, a katse sola, domin faranti yana ba da wuta muddin akwai rana. A gaya wa mutanen gida kada kowa ya taɓa komai, sannan a gwada kowace waya da na'urar awo kafin a sa hannu. In katsewar tana buƙatar taɓa hatimi, ma'aikatan kamfani ake kira.

Kafin a kwance tsohon, a ɗauki hotonsa, a manna wa kowace waya tef a rubuta inda ta nufa. A kafa sabon akwatin a wuri busasshe da babba zai kai hannu cikin duhu, yaro kuwa ba zai kai ba. Ban da banɗaki, ban da saman murhu, ban da bayan kabad. Waya ɗaya a bakin kowace bireka, a fere ta daidai yadda tagulla ba za ta leƙo ba, a ɗaure tam, a ɗan ja a ji. Sakakken haɗi shi ne ke haifar da yawancin baƙin da ake gani a akwatuna. Wayar da ta gaza tsawo a ƙara ta da mahaɗi mai ƙusa, ba murɗi da tef ba. Jikin akwatin, in na ƙarfe ne, a haɗa shi da at, a toshe ramukan da suka rage saboda ƙura da ƙadangaru.

Mataki na tara: gwaji

Kamawar fitila ba ita ce shaidar an gama ba. Tun kafin a saki wuta, a zare duk na'urori, a ware SPD da na'urar lura da ƙarfin wuta, a auna lafiyar robar wayoyi da na'urar da ake kira mega a kan bolt 500. Kada sakamakon ya gaza megohm 1, waya mai lafiya ma takan ba da fiye da haka nesa ba kusa ba. A tabbatar at ya isa kowane soket, kuma bireka da makunnai suna kan layif ne, ba nutural ba. Sannan a saki wuta, a ɗaga bireka ɗaya bayan ɗaya.

A gwada RCD da na'ura a soket, ba maɓallin jikinta kaɗai ba, kuma a maimaita a kan wutar kamfani, a kan janareta, a kan inbata. Wasu janaretoci da inbatoci nutural ɗinsu ba ya haɗe da ƙasa, sai RCD ta yi aiki da wutar kamfani ta ƙi yi da su, har sai mai aikin ya gyara haɗin yadda littafin na'urar ya tanada.

Daga nan a kunna manyan kayan gidan tare na rabin sa'a, a maƙala na'urar awo a babbar waya, a gwama abin da ta nuna da lissafin da ka yi a takarda. Taɓa murfin akwatin da bayan hannu: ɗumi kaɗan ba komai, zafi ko ƙara ko wari kuwa a kashe a sake dubawa. A rubuta sunan kowane layi a ƙarƙashin birekarsa da Hausar da kowa a gidan zai gane, "ɗakin Hajiya", "sumo", "kicin", a nuna wa matan gida da manyan yara babban makunnin. Bayan wata guda mai aikin ya dawo, ya kashe wuta ya sake ɗaure ƙusoshin, kai kuma ka riƙa danna maɓallin gwajin RCD duk bayan wata uku. In ka danna ba ta faɗi ba, a canja ta a ranar.